Motherson: Yadda Kamfanin Indiya Ya Bazu a Duniya ta Hanyar Sayen Masana'antun da Suka Durƙushe

A watan Maris na 2009 duniya na tsakiyar rikicin tattalin arziki. Bankuna sun ɗaure bakin jaka, cinikin motoci ya faɗi warwas a Turai da Amurka, General Motors da Chrysler kuma saura 'yan makonni su garzaya kotu neman kariya daga masu bin su bashi. A cikin wannan hali ne wani kamfanin Indiya, wanda da wuya ka sami wanda ya san sunansa a wajen ƙasarsa, ya sayi Visiocorp, mai ƙera madubin gefe yana kai wa Mercedes da BMW da Volkswagen da Ford da Hyundai. Tsabar kuɗin da ya ajiye kimanin Yuro miliyan 25 ne, alhali cinikin Visiocorp a shekarar da ta gabata ya haura Yuro miliyan 600. Mai sayen ma bai kai abin da ya saya girma ba, tamkar a ce tsaka ta haɗiye damo.

Sunan kamfanin Motherson, hedkwatarsa na Noida, a gefen birnin Delhi. Yau yana da masana'antu a ƙasashe sama da 40, ma'aikatansa sun haura 180,000, cinikinsa kuma a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 ya zarce rupi (kuɗin Indiya) tiriliyan 1.1, wato sama da dala biliyan 13. Mafi yawan wannan ciniki a wajen Indiya ake yin sa. Ba za ka ga tambarinsa a goshin kowace mota ba. Ba kuma za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ji ana cigiyar kayansa da suna ba, domin shi ba da direba ko bakanike yake hulɗa ba. Masana'antar da ke harhaɗa motar ita ce kwastomansa, tun kafin taya ta taɓa kwalta.

Wanda ya ji an ce kamfanin Indiya ya mamaye kasuwar duniya zai ɗauka arhar leburori ce ta kai shi. A nan kam ba haka ba ne. A nawa ganin, jarin Motherson na gaskiya shi ne ya zama wanda manyan kamfanonin mota ke ɗaga waya su kira duk ranar da wani mai kawo musu kaya ya kwanta jinya. Kusan duk sauran abin da ake yaba masa, da wanda ake kushe masa, daga nan ya samo tushe.

Sunan kansa haɗin kalmomin Turanci biyu ne, uwa da ɗa. A 1975 Vivek Chaand Sehgal, yana saurayi bai cika shekara 20 ba, ya fara cinikin azurfa tare da mahaifiyarsa Swaran Lata Sehgal. Bayan shekara biyu suka buɗe 'yar ƙaramar masana'antar wayar lantarki. Da a nan aka tsaya da babu labari. Abin da ya sauya komai shi ne shawarar gwamnatin Indiya ta haɗa gwiwa da Suzuki na Japan a ƙera ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi, wato Maruti 800, wadda ta fito a watan Disamba na 1983. Sharaɗin gwamnati shi ne a riƙa ƙara yawan kayan da ake yi a cikin gida shekara bayan shekara. Suzuki kuwa ba zai sa wa motarsa wayar da ba ta cika ƙa'idar Japan ba. Mafitar ita ce a aurar da ƙananan kamfanonin Indiya ga masu kawo wa Suzuki kaya a Japan. A 1983 Motherson ya ƙulla yarjejeniyar koyon aiki da kamfanin da yanzu ake kira Sumitomo Wiring Systems, a 1986 suka kafa kamfanin haɗin gwiwa, Motherson Sumi Systems, a 1993 aka sa shi a kasuwar hannun jari.

Abin da suka fara yi shi ne damin wayarin ɗin mota. Duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin mai wayarin ya ga an cire dashbod ya san shi: tarin wayoyi kala-kala an naɗe su da tef, suna rarrabuwa kamar jijiyoyi zuwa fitilu da hon da injin da gilasai. A motar zamani, in aka miƙar da waɗannan wayoyi tsawonsu yakan kai kilomita da dama. Har gobe da hannu ake haɗa mafi yawansu, a kan wani babban allo mai ƙusoshi, domin waya abu ce mai laushi da inji bai iya sarrafawa yadda yatsun mutum ke yi ba. Aiki ne mai cin mutane, mai ƙarancin riba, wanda kuskure ɗaya a cikinsa ke iya sa a kira dubban motoci su dawo gareji. Wanda ya ƙware a kansa a hannun Japanawa ya koyi abu biyu: kada kaya su zo da aibi, kada kuma su makara ko da sa'a guda.

(Abin lura ga mai karatu a Arewa: a 1975 ɗin nan aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna, ita ma da burin a riƙa yin kayan a gida, har wasu ƙananan kamfanoni suka tsiro a gefenta. Bambancin shi ne kamfanin Maruti ya yi ta ƙaruwa har ya wuce mota miliyan guda a shekara, Peugeot ta Kaduna kuwa ta yi ta tsukewa bayan faɗuwar Naira da kwararowar motocin Beljiyam. Mai yin kayan mota ba ya wuce girman masana'antar da yake jingine da ita, sai in ya sami wata.)

Neman watan ne ya zama aikin Sehgal. Bayan Indiya ta buɗe ƙofofin kasuwarta a 1991, Hyundai da Ford da Honda da Toyota suka shigo, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya a waya ba. Ya shiga zubin roba, ya shiga madubi, ya shiga ƙera ƙarafan zubin kansu, galibi ta hanyar haɗin gwiwa da wani baƙo mai fasahar. A 2002 ya yi sayensa na farko a ƙetare, wata ƙaramar masana'antar wayarin a Wexford ta ƙasar Ailan. Duk wannan share fage ne. Kafin a fahimci abin da ya faru a 2009 sai an san yadda dangantakar mai ƙera mota da mai kawo masa kaya take.

Kamfanin mota irin Mercedes ko Volkswagen ba shi ke ƙera mafi yawan abin da ke jikin motarsa ba. Yana zana motar, yana yin injin da gangar jiki, yana harhaɗawa, amma kujeru da bamba da madubi da wayarin da dashbod daga hannun wasu suke zuwa. Tun shekara biyu ko uku kafin sabon samfuri ya fito ake zaɓen wanda zai yi kowane ɓangare. A sassaƙa masa ƙarafan zubi na musamman, irin akwatin buga bulo amma na miliyoyin Yuro, waɗanda ba su da amfani ga kowace mota sai wannan. A gwada kayan a zafi da sanyi da girgiza har hukuma ta amince. Daga nan kwangilar za ta ci gaba muddin ana ƙera samfurin, shekara shida ko bakwai. Sannan masana'antun yanzu ba sa tara kaya a sito. Abin da za a ɗaura yau, jiya ko ɗazu ya iso.

To, a ce mai yin madubin ya karye a tsakiyar wannan tafiya. Ba a fitar da mota ba madubi, doka ma ba ta yarda ba. Sauya shi da wani kuma aikin watanni ne, wani lokaci fiye da shekara. Madubin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin motar ba zai tsayar da masana'anta mai dubban ma'aikata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi ya sa idan irin wannan kamfani ya fara tangal-tangal, waɗanda suka fi shiga tashin hankali kwastomominsa ne, har sukan riƙa biyan kuɗin kaya tun kafin a kawo domin kada wuta ta mutu, suna kuma neman wanda zai karɓe shi. Wa suke so? Ba sa son ɗan kasuwar da zai saya ya yayyanka ya sayar bayan shekara uku. Ba sa son babban abokin gasarsa ya haɗiye shi, domin daga ranar shi zai riƙa yanka musu farashi. Suna son wanda ya san aikin masana'anta, wanda zai zauna, wanda kuma bai yi ƙarfin da zai juya su ba.

Visiocorp irin wannan majinyaci ne. Asalinsa kamfanin Jamus ne mai suna Schefenacker, wanda bashi ya yi wa katutu har masu bin sa suka karɓe shi a 2007 suka sauya masa suna. Aikinsa mai kyau ne, kwastomominsa manya ne, aljihunsa ne ya huje. Motherson ya riga ya san shi, domin suna da kamfanin haɗin gwiwa na madubi a Indiya. Sehgal ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba ya sayen kamfani sai kwastoma ya nuna masa shi, kuma wannan ciniki shi ne babban misalinsa. Faɗuwar wani tashin wani: da kuɗin da ba su isa gina masana'anta guda mai kyau a Jamus ba, ya sami masana'antu a nahiyoyi huɗu, da injiniyoyi, da haƙƙin mallakar fasahohi, da abin da ya fi duka tsada, wato kujera a teburin da Mercedes da BMW ke raba kwangila. Aka sauya wa kamfanin suna zuwa SMR, ɗan Sehgal, Laksh Vaaman Sehgal, ya shiga cikin jagorancinsa, ba a daɗe ba ya koma kawo riba.

Mutane kan tsaya a kan arhar farashin. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da kwastoma ke bayarwa a bayan fage. Kamfanin motar da ya roƙe ka ka ceci mai kawo masa kaya ba zai ƙi zama da kai a sake duba kwangilolin da ake tafka asara a kansu ba, kuma idan ya tashi raba aikin sabon samfuri zai tuna da kai. Wannan ba ya fitowa a takardar ciniki, amma shi ne rabin ribar.

Da aka ga ya yi nasara sai ƙofofi suka buɗe. A 2011 ya sayi kashi 80 cikin ɗari na Peguform a kan Yuro miliyan 141.5. Kamfanin Jamus ne mai yin bamba da dashbod da rufin ƙofofi, babban kwastomansa rukunin Volkswagen, kuma ya sha sauya hannu tun da ya durƙushe a 2002. Cinikinsa ya haura Yuro biliyan guda. A 2014 ya karɓi sashen wayarin na Stoneridge a Amurka da Meksiko a kan dala miliyan 65.7, wanda ya shigar da shi harkar manyan motoci da taraktoci. A 2017 ya sayi PKC na ƙasar Finlan, mai yin wayarin, a kan Yuro miliyan 571, kuma wannan ya sha bamban, domin PKC lafiyarsa lau, sai da aka biya masu hannun jarinsa sama da farashin kasuwa sosai. A 2018 Reydel, mai yin dashbod da rufin ƙofofi, ya biyo baya a kan dala miliyan 201, ya zo da Renault da Peugeot. A 2023 ya karɓi SAS, mai harhaɗa dashbod, daga hannun kamfanin Faurecia na Faransa a kan Yuro miliyan 540, ya ɗauko kamfanin Dr. Schneider daga hannun kotun masu karayar arziki a Jamus, sannan ya shirya da Honda a kan kashi 81 cikin ɗari na Yachiyo, mai yin tankin mai na roba da rufin mota mai buɗewa. Wannan na ƙarshe yana da ma'ana ta daban: kamfanonin Japan ba su saba sakin 'ya'yansu ga baƙo ba, kuma ga shi wanda ya fara a matsayin ɗan koyo a hannun Japanawa ne aka miƙa wa.

Jerin ya fi haka tsawo, ya haura sayayya 40. Amma in ka dube shi da kyau za ka ga ba tarkace ake tarawa ba. Kowane saye yana kawo ɗaya daga abu uku: sabon kwastoma, sabuwar ƙasa, ko sabon nau'in kaya. Kamfanin ma ya mayar da wannan doka, ya ba ta laƙabin 3CX15 a 2015, daga baya ya tsaurara ta zuwa 3CX10. Ma'anarta kada kwastoma ɗaya, ko ƙasa ɗaya, ko kaya iri ɗaya ya wuce kashi 15, daga baya kashi 10, na dukkan cinikin. Wanda ya san tarihin gidan ya san inda tsoron ya fito. A shekarun farko kusan duk abincinsu a hannun Maruti yake, bayan sayen Peguform kuma suka wayi gari rukunin Volkswagen ya zame musu sabon Maruti. A ɓangaren kwastomomi sun matso kusa da burin. A ɓangaren ƙasashe har yanzu Indiya da Jamus da Amurka kowace ta fi kashi 10, kuma ban ga yadda za a yi ta sauka ba tunda can motocin suke.

Akwai tambayar da ta kamata a yi: me ya hana shi zama a Indiya, inda albashi ke da sauƙi, ya riƙa loda kaya a jirgin ruwa? Amsar tana jikin kayan. Bamba abu ne mai girma marar nauyi, in ka cika kwantena da shi iska ka yi wa dako. Ga shi ana fesa masa fenti daidai da launin motar da za a ɗaura wa, kuma dole ya isa layin harhaɗawa a jere: in mota ta 41 fara ce ta 42 baƙa, haka bambobin za su sauko daga tirela. Saƙon yakan zo ne 'yan sa'o'i kafin a buƙaci kayan. Irin wannan aiki ba a yin sa daga wata nahiya, sai dai ka kafa masana'antarka a bayan katangar kwastoma. Wayarin kuwa yana jure tafiya, amma ba mai nisa sosai ba, shi ya sa ake yin sa a ƙasashe masu arhar ƙwadago da ke maƙwabtaka da kasuwa: Meksiko domin Amurka, Maroko da Tunisiya da Sabiya da Yukren domin Turai. An ga muhimmancin wannan a 2022. Kwanaki kaɗan bayan Rasha ta auka wa Yukren, Volkswagen ya dakatar da aiki a Zwickau da Dresden, BMW ma ya tsayar da wasu layukansa, ba don komai ba sai don wayarin da ake haɗawa a yammacin Yukren ya daina isowa.

Saboda haka faɗaɗar Motherson ba fitar da kaya ba ce, bin sawun kwastoma ce duk inda ya sa ƙafa. A Afirka ma inda ake harhaɗa motoci da yawa yake, Maroko da Afirka ta Kudu. Kuma idan ya sayi kamfani ba ya cika tura 'yan Indiya su karɓe ofisoshi. Yakan bar shugabannin wurin, Bajamushe a Jamus, ɗan Finlan a Finlan, ya ɗora wa kowace masana'anta alhakin ribarta da asararta, sannan ya ja abin da za a iya yi da arha zuwa cikin gida: ƙarafan zubi, zanen injiniya, aikin kwamfuta, ƙananan kayan roba. Madubin da ake haɗawa a Hangari yana iya ɗauke da wayar wani reshen gidan da murfin wani. Riba kaɗan-kaɗan ce daga kowane mataki, amma a aljihu ɗaya take taruwa.

Bin kwastoma yana da nasa haraji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lokacin da Mercedes ya ba shi manyan kwangiloli, sai da ya gina sababbin masana'antu daga tushe, ɗaya a Kecskemét ta Hangari, ɗaya a Tuscaloosa ta jihar Alabama a Amurka, wadda ta fara aiki a 2018. A nan ne aka gane gyaran tsohon gida da gina sabo ba ɗaya ba ne. A kamfanin da aka saya akwai ma'aikatan da suka shekara ashirin suna aikin. A Tuscaloosa kuwa sai an ɗauki sababbi a garin da aikin yi bai yi wuya ba, a koya musu, su tafi, a sake ɗauka. Kaya suka riƙa lalacewa a wurin fenti, aka riƙa kawo ƙwararru daga wasu ƙasashe, kuɗi suka yi ta zurarewa. Ba damar tsayawa, domin layin Mercedes na jira. Asarar ta ci ribar sashen na tsawon lokaci, darajar hannun jarin kamfanin ta zube sosai tsakanin 2018 da 2020, tun ma kafin annobar korona ta ƙarasa abin da ya rage.

Sai batun alkawuran shekara biyar-biyar, wanda kamfanin ya yi suna a kansa. Ya ce zai kai cinikin dala biliyan 1 a 2010, ya wuce, albarkacin Visiocorp. Ya ce biliyan 5 a 2015, ya wuce, albarkacin Peguform. Ya ce biliyan 18 a 2020, ya tsaya a wajen rabi. Ya ce biliyan 36 a 2025, ya sanar da kimanin biliyan 25, kuma wannan adadi sai da aka haɗa da cinikin kamfanonin haɗin gwiwa da kuɗin kayan da ke ratsawa ta hannunsa kawai, ya kuma kusa ninka abin da ke cikin littafin asusu. Yanzu ya ce biliyan 108 a 2030. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shugabannin sukan kare kansu da cewa sun gwammace su saɓa alkawari da su sayi kamfani da tsada domin cika lamba, kuma a nan na ba su gaskiya. Sai dai akwai alkawari na biyu da ba a cika maganarsa ba: cewa kowace rupi 100 da aka zuba a harkar za ta riƙa kawo 40 a shekara. A 'yan shekarun nan abin da ake samu bai kai rabin haka ba. Ribar da ta rage bayan haraji a 2024 zuwa 2025 kuwa kimanin rupi 3 ce a kowace 100 ta ciniki. Gidan da ke yawan maimaita cewa yawan ciniki ado ne kawai, kuɗin da ke banki su ne gaskiya, shi ne kuma yake auna kansa da yawan ciniki. Wannan saɓani ba ƙarami ba ne.

Ƙarancin ribar ba laifin gudanarwa ba ne kaɗai, yanayin sana'ar ne. Kamfanonin mota sukan rubuta a kwangila cewa farashi zai riƙa sauka duk shekara. In tagulla ta yi tsada, ko wutar lantarki, ko albashi ya tashi a Meksiko, sai an yi watanni ana ja-in-ja kafin kwastoma ya ɗauki wani kaso. Wanda aka zaɓa domin ba shi da ƙarfin juya kwastoma ba zai zo daga baya ya yi kukan ba ya iya juya shi ba.

Ta wani ɓangaren zamani ya yi masa daɗi. Da Shugaba Donald Trump ya ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan motar da ake shigarwa Amurka daga watan Mayu na 2025, masu ƙerawa a Asiya su tura ne suka fi jin jiki. Motherson yana da masana'antu a cikin Amurkar, na Meksiko kuma mafi yawan kayansu suna ƙarƙashin yarjejeniyar cinikin Amurka da Meksiko da Kanada. Komawar duniya ga motar lantarki ma ba ta tsorata shi kamar masu yin fistin da salansa ba, domin mota ko da me take tafiya tana buƙatar bamba da madubi da dashbod, wayarin ɗinta ma ƙaruwa yake yi da kauri da tsada. Tankin man Yachiyo ne kaɗai ya fita daga wannan lissafi, kuma sayensa alama ce ta cewa gidan bai yarda man fetur zai tafi da wuri ba. Shigarsa harkar kayan jirgin sama, ta hanyar CIM Tools a Bengaluru da AD Industries a Faransa, da harkar gilashin wayar hannu tare da BIEL Crystal na Hong Kong, har yanzu ƙaramin kaso ne, ba a kai lokacin yanke masa hukunci ba.

Babbar barazanar tana inda ƙarfinsa yake. Amanar da ya shekara 15 yana tarawa a hannun kamfanonin Jamus da Faransa da Japan take, kuma su ne ke ja da baya. A watan Disamba na 2024 Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago a kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. ZF, babban mai yin kayan mota a Jamus, ya sanar da rage har 14,000. Marelli, ɗaya daga manyan masu kawo wa Nissan kaya, ya shiga kotun karayar arziki a Amurka a watan Yuni na 2025. Ga mai sayen majinyata wannan kaka ce, kasuwa ta cika da kamfanoni na sayarwa. Amma Visiocorp ya warke ne domin cutarsa bashi ce, kuma bayan 2009 cinikin motoci ya dawo har ya wuce da. Majinyacin yau cutarsa daban: kwastomansa ne ke rasa kasuwa. Sayen masana'antar da ke bayan katangar wata masana'antar da za a rufe ba arha ba ce ko da kyauta aka ba ka. Motherson da kansa ya fara tsuke ayyukansa a tsakiya da yammacin Turai a 2025.

Waɗanda ke karɓe kasuwar kamfanonin Sin ne. A 2023 Sin ta fitar da motoci kusan miliyan 5 zuwa ƙetare, ta sha gaban Japan. Motherson yana da masana'antu da haɗin gwiwa a Sin, yana kuma neman shiga wurin sababbin kamfanonin, amma a can ba shi da tarihin ceton kowa, ga masu kawo kaya 'yan gida da suka fi shi arha da sauri, ga kuma dangantakar Indiya da Sin da ta yi tsami tun rikicin kan iyaka na 2020. Mafi girma a kamfanonin motar Sin, BYD, ya saba wa tsarin da na bayyana a sama gaba ɗaya: batirinsa da injin lantarkinsa da na'urorinsa da yawancin kayan jikin motarsa shi ke yin abinsa, don haka ba shi da masu kawo kaya da yawa da zai nemi a ceto masa. A watan Disamba na 2023 ya sanar da gina masana'antarsa ta farko ta ƙananan motoci a Turai, a garin Szeged na Hangari. Daga can zuwa Kecskemét, inda Motherson ya zuba kuɗi ya gina masana'anta domin Mercedes, tafiyar kimanin sa'a guda ce a mota.